KUREGE ƊAYA YA ISA A ƘONE DAJI?

Kaka ta wuce. An kai gero da dawa rumbu, an tuge gyaɗa, iskar hunturu kuma ta soma busowa. Wannan shi ne lokacin da yara su ke fita farauta. Wanda ya bi ta Kambarawa, a gefen birnin Katsina, wurin da gidaje su ke ƙarewa gonaki su soma, zai gamu da su da hantsi, su biyar ko goma, da karnukansu, da gora, da danƙo, wani kuma ya saɓa dagi a kafaɗa. Manyan namun jeji sun daɗe da yin nisa da gari. Abin da ya rage wa yaran sai zomo jefi jefi, da gafiya, da bushiya, da kurege. Sau da yawa kuma a cikin aljihun ɗayansu akwai ashana. A kan wannan ashana mu ke so mu yi magana da masu karatu a watan nan.

Watakila wani zai ce, "Ina ruwan manya da zancen kurege? Ai wasan yara ne." To, a bisa ga wannan wasa an sha ƙona karan mutane da harawarsu, an sha ɓata zumuncin maƙwabta, har magana ta kai gaban mai unguwa. Yaron da ya ke koyon yadda za ya yi da kurege yau, shi ne za ya riƙe gona da iyali gobe, da halin da ya koya a daji kuwa za ya riƙe su. Domin wannan ya kamata mu zauna mu auna maganar da hankali.

Kurege da halinsa

Kuregen ƙasarmu mai zama a rami ne, ba ya yawan hawan itace kamar 'yan'uwansa na kurmin kudu. Jikinsa launin ƙasa ne, da farin zane a kowane gefe, da wutsiya mai gashi buzu-buzu. Babba a cikinsu da ƙyar ya ke kai kilo 1. Da rana ya ke kiwo, in rana ta yi zafi ya koma inuwa ko rami. Ya kan haƙa raminsa a gindin itace, ko cikin tsohon suri, ko tsakanin duwatsu, ya kan kuwa yi masa ƙofa fiye da ɗaya, domin in an tare nan ya fita can. Abincinsa 'ya'yan itace ne, da tsaba, da saiwoyi, da ƙwari. In ya sami abin da ya fi ƙarfin cikinsa sai ya binne saura nan da can domin gaba. Ba dukan abin da ya binne ya ke komowa ya tona ba, wani in ruwa ya sauka sai ya tsiro.

Kakanninmu sun lura da wayonsa, shi ya sa ya cika tatsuniyoyinmu, kullum yana yi wa kura dabara. Amma manomi ba ya dariya da wannan wayo. Kurege ya kan bi layin shuka ya tone irin gyaɗa da na masara tun ba su tsiro ba, in gyaɗa ta yi 'ya'ya ya koma ya tone, ya kan ci dankali da rogo a cikin ƙasa. Tun daga 1912, sa'anda jirgin ƙasa ya soma ɗaukar gyaɗa daga Kano zuwa bakin teku, gyaɗa ta zama kuɗin haraji da na tufafi a ƙasar Hausa, gabar manomi da kurege kuwa ta ƙara tsanani.

Laifi ne a kashe shi?

Bari mu soma da wannan, gama akwai masu tausayi da su ke ganin kashe kowace dabba zunubi ne. Mu ba mu ga haka ba. Mutumin da ya sha rana ya yi shuka yana da iko ya tsare shukarsa. Mai yunwa kuma yana da iko ya nemi abinci a daji kamar yadda ya ke neman kifi a rafi. A gidaje da yawa a kan yi mako biyu ko uku tukunya ba ta ga nama ba, yara kuwa suna bukatarsa domin girman jikinsu. Wanda ya ke cin tsire kowace yamma ba shi da bakin da za ya yi wa ɗan talaka faɗa domin ya gasa kurege.

Aikin ma ba na rago ba ne. Hausawa sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu, haka nan kurege. Sai an bi sawu, an gane ramin da ya ke da mai shi a ciki, an toshe sauran ƙofofi, an yi haƙa har gumi ya zubo. In an kama, a yanka, a babbake gashin a wuta, a kankare da wuƙa, a fasa ciki a fid da hanji, a wanke. Daga nan ko a gasa a kan garwashi da gishiri da yaji da garin ƙuli-ƙuli, ko a kai gida uwa ta yi farfesu da albasa da daddawa da citta da masoro, ko a yi banda a ajiye domin miyar kuka. Yaron da ya iya wannan ya koyi haƙuri, ya koyi lura, ya kuma koyi rabo da abokansa. Babu abin kunya a ciki.

Ashe tambayar da ta rage ita ce, ta wace hanya, a wane lokaci, kuma wa za ya biya kuɗin naman? Gama akwai naman da mai cinsa bai biya kome ba, amma wani can ya biya da tsada.

Lissafin wuta

Ga yadda abin ya kan faru. Kurege ya shige cikin ciyawa mai duhu ko ƙarƙashin tarin kara, karnuka suna haushi, yara sun gaji. Sai ɗaya ya ƙyasta ashana domin wuta ta koro shi, ko a cusa ciyawa a bakin rami a banka masa hayaƙi. Kurege ya fito, an buge shi, an yi sowa, an tafi. Ba wanda ya waiwaya ya ga ko wutar ta mutu. Iskar hunturu kuwa ba ta barci.

Mu yi lissafi kamar 'yan kasuwa. In an babbake kurege an fid da kayan ciki, abin da ya rage bai fi cikin tafin hannu biyu ba. A raba wa yara shida, kowa ya sami loma biyu ko uku. Wannan ita ce riba. Hasara fa? Karan dawa da mai gona ya tara domin danni da girki da abincin shanunsa. Harawar wake da ta gyaɗa da ya ke jira rani ya yi nisa ya sayar, ko ya ba tumakinsa. Gamba da shuci na zana da jinka. Ciyawar da makiyayi ya ke dogara gare ta har faɗuwar ruwa, wadda in ta ƙone sai ya kora shanunsa inda bai kamata ba, faɗa ya tashi. Ganye da tattaka waɗanda da za su ruɓe su zama taki, yawancin amfaninsu ya tafi sama tare da hayaƙi. Ƙasa kuma ta zauna tsirara, iska ta kwashe ta tun damina ba ta zo ba, ruwan farko ya wanke sauran. Sa'an nan ga ƙananan itatuwa, gawo da kalgo da sabara da magarya, waɗanda ba su kai gwiwa ba tukuna.

Hausawa sun ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ta ke kuɗi. Amma mai wannan wuta ba rumbunsa ya ƙona ba, na wani ne. Da a ce yaro ya shiga gidan maƙwabci ya ɗauki dami ɗaya na harawa, kowa za ya kira shi ɓarawo, ubansa kuma za ya ji kunya. Yaya za a ce wanda ya hallaka dami hamsin da ashana wasa ya ke yi? Bai sa kome a aljihunsa ba, gaskiya ne, amma mai harawar ya rasa ta duk ɗaya. Cewa kuma "ban yi nufi ba" ba ta wanke mutum, idan ya san halin wuta da iska tun kafin ya ƙyasta.

Yara sun san tatsuniyar kurege da bushiya. Ana ruwa bushiya ta roƙi kurege ya ba ta wurin fakewa, ya ji tausayi ya bar ta ta shiga. Da ta ji ɗumi sai ta miƙe ƙayoyinta, ta cika ramin, har mai gida ya rasa wurin zama ya fita ya bar mata. Wuta irin wannan baƙuwa ce. Kai ka ke kiranta, amma in ta shigo ba kai za ka ce mata ta tafi ba.

"Ai daji ba na kowa ba ne"

Wannan ita ce amsar da a kan fi ji. In wutar ba ta taɓa gonar kowa ba, sai saura da fako, wa aka cuta? Mun ce an cuci kowa. Abin da a ke cewa ba na kowa ba, in an duba da kyau na jama'a duka ne: na tsohuwar da ta ke tsintar itace, da na mai neman magani, da na makiyayi, da na mafarauci kansa, da na 'ya'yan da ba a haifa ba tukuna. Su kuwa waɗannan na ƙarshe ba su da bakin kai ƙara, saboda haka hakkinsu ya fi sauƙin ci.

Ƙasar Katsina tana bakin hamada, damina a nan ba ta wuce wata huɗu. Tsofaffi ba su manta da farin 1973 ba, da na 1984. Katsina tana cikin jihohi 11 na arewa da gwamnati ta sa cikin aikin shuka itatuwa domin tare hamada, a 2011 kuma hukumar NESREA ta fitar da doka da ta hana a ƙone daji ba tare da izini ba. Amma ɗan doka ba ya iya bin kowane yaro zuwa bayan gari.

Mu dubi maƙwabtanmu na Maraɗi, tafiyar 'yan sa'o'i kaɗan ta hanyar Jibiya. A 1983 wani ma'aikacin mishan mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirarun da su ke fitowa a gonaki, waɗanda manoma su ke sarewa su ƙone kowace shekara, tohon kututturen manyan itatuwa ne masu saiwa da rai a ƙarƙashin ƙasa. Aka soma koya wa manoma su bar reshe biyu ko uku masu ƙarfi, su sassabe sauran, su tsare su daga wuta da awaki. Suka kira abin sassabin zamani. Bayan shekara ashirin da wani abu, aka ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 sun komo a kan ƙasa wajen hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, yawancinsu ba wanda ya dasa su. Irin wannan toho yana nan a gonakin Katsina. Shi ne wutar farauta ta ke fara ci.

Kada kuma mu ce ƙananan namun daji ba su ƙarewa. A Amurka an yi wata irin kurciya mai yawan gaske, in garkenta ya tashi sai ya rufe rana. Aka yi ta kashe ta ana cika ganguna ana aikawa birane a jirgin ƙasa, ana kuma sare dazuzzukan da ta ke sheƙa, kowa yana cewa ba ta ƙarewa. Ta ƙarshe ta mutu a gidan ajiye namun daji na Sinsinati a 1914. Kuregenmu bai kai ga wannan ba, har yanzu yana da yawa a ƙasashen Afirka. Amma barewa ma a dā tana da yawa.

"Ai ɓarawo ne, a ƙare da shi"

Manomi da ya ga an tone masa layi goma na gyaɗa ya kan yi fushi har ya jiƙa tsaba da guba ya zuba a bakin rami. Fushinsa yana da dalili, amma guba ba ta san kurege ba. Zabi da kajin maƙwabta su kan tsince tsabar. Shaho ko kare ya ci mushen ya mutu. Mafi muni, yaro ya tsinci kurege yana tangaɗi, ya yi murna ya kama da sauƙi, ya gasa ya ci. In shaho da mujiya da sauran masu cin ɓera suka ragu kuwa, ɓera ne za ya yi yawa a rumbu.

A 1958 hukumar ƙasar Sin ta umarci jama'a su ƙare da gwara domin tana cin hatsi. Aka kashe ta ba iyaka. Ashe gwara tana cin ƙwari kuma. Fara da tsutsa suka yi yawa, suka ƙara wa mutane wahala a cikin shekarun yunwa, har a 1960 aka janye umarnin. Mahalicci bai yi wani abu a banza ba, ko da mu ba mu gane amfaninsa ba tukuna. Tsare gona da tarko, da kare, da yawan zagayawa a makon shuka daidai ne. Neman shafe iri duka ya wuce ikon da aka ba mutum, gama an sa shi ya yi kiwon duniya ne kamar wakili, za ya kuwa ba da lissafi.

Uwa da 'ya'ya

A cikin Shari'ar Musa akwai wata 'yar doka a kan mutumin da ya sami sheƙar tsuntsu a hanya: an yarda masa ya ɗauki 'ya'yan, amma an umarce shi ya saki uwar. Dokar tana da hikima biyu. Ta ɗaya, wanda ya bar uwa ya bar wa kansa abincin baɗi. Ta biyu, tana koya wa mai ƙarfi ya san iyaka a gaban marar ƙarfi. Kurege ba ta haihuwa da yawa kamar ɓera, galibi uku ne ko huɗu, a cikin rami kuma ta ke haifarsu idonsu a rufe. Wanda ya kashe mai shayarwa ya kashe biyar ya ci ɗaya. Mafarauta na gaske sun san wannan, a dā kuwa farauta tana da shugabanni, Sarkin Dawa da Sarkin Baka, masu faɗin ranar fita da wurin da za a bi, masu raba gardama in karnuka biyu sun kama nama ɗaya.

Akwai kuma abin da ba mu so mu gani, watau a kama kurege da rai, a ɗaura masa igiya a ƙugu, a karya masa haƙora, a yi ta jansa a unguwa ana cuna masa kare har ya mutu. Wannan ba yunwa ce ta sa ba. Dabba tana jin zafi kamar yadda mu ke ji. In za a yanka, a yanka da sauri da wuƙa mai kaifi. Yaron da ya saba yin dariya da azabar abin da ya fi shi rauni, zuciyarsa tana yin kanta, ba kuwa a kan kurege kaɗai za ta tsaya ba.

A bakin tukunya

Uwaye, a nan naku ya ke. Naman daji yana iya ɗauke da cuta. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa, ya kuma kashe ma'aikatan jinya biyu na mishan a shekarar nan, daga wani irin ɓera ya ke fitowa, ta fitsarinsa da kashinsa da jininsa, da rani kuma ya fi yawa. Masu haƙar ramin kurege kuwa ba su kan bar ɓera in sun same shi ba. Ƙyandar biri, wadda ta sake ɓullowa a Nijeriya a 2017, an taɓa samun ƙwayarta a jikin wani kuregen kurmi a ƙasar Kwango a 1985. Saboda haka kada a ci abin da aka tsinta matacce ko yana ciwo. Mai rauni a hannu kada ya yi fiɗa. A wanke hannu da wuƙa da sabulu, a dafa naman ya nuna sarai har ƙashi. In kurege ya ciji yaro, a wanke wurin da sabulu a kai shi asibiti.

Ga kuma zancen gaskiya. Yawancin maƙwabtanmu a Katsina ba su cin abin da ba a yanka ba. In kare ya kashe, ko wuta, ko gora, kada ka sa wuƙa daga baya ka miƙa wa maƙwabci ko ka sayar masa kamar yankakke. Ƙarya ce, ko da ba ka buɗe baki ba.

Abin da ya wajaba a kanmu

Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa, sai da maratayinsa. Uban da ya ga hayaƙi a bayan gari da rana, da yamma kuma ya ci farfesu bai tambayi ɗansa kome ba, ya rataya. Tambaya ɗaya ta isa: "Yaya kuka kama shi?" In da wuta ne, a kama hannun yaron a tafi wurin mai gona, a ba da haƙuri, a biya abin da aka ɓata, ko da kuɗi ko da aiki. Yaro ba za ya manta da wannan tafiya ba.

Amma hani kaɗai ba ya cika ciki. In mun ce wa ɗan gwauruwa ya ajiye ashana, sai mu duba me za ya ci. Zomon gida yana ɗaukar ciki wata ɗaya ne kawai, ya kan haifi 'ya'ya da yawa, abincinsa kuwa ganye ne da dusa. Ekklesiya ko ƙungiyar mata za ta iya ba yaro mace da namiji aro, in sun haihu ya mayar da biyu a ba wani. Haka nan kaji da zabi. Dattawa kuma waɗanda suka yi farauta a ƙuruciyarsu su riƙa fita tare da yara wani lokaci, su nuna musu yadda a ke ɗana tarko, da yadda a ke gane mai shayarwa a ƙyale ta, da yadda a ke share wuri kafin a hura wutar gashi, a kuma binne ta da ƙasa kafin a tashi. Malaman makaranta su ɗauki zancen nan tun hunturu bai yi nisa ba.

Ku yara masu karanta wannan, ba mu hana ku farauta ba. Ku tafi da karnukanku da daginku, Allah ya ba da sa'a. In kurege ya shige inda ba ya fituwa sai da wuta, ku bar shi, ya ci ranar. Ashana kuwa ku bar ta a gida wurin uwayenku, in kun kamo sai a gasa a tsakar gida kowa ya samu.